Tsirya tana neman kogo

Manoman Filinge da duk ƙasar Kurfai, ku saurara.

Kun san tsirya, ƙaramar ƴar'uwar aku, koriya shar mai doguwar wutsiya. Namijin yana da zobe a wuya, macen ba ta da shi. Ba ta saƙa sheƙa. Sai a kogon tsohon icce take yin ƙwai, uku ko huɗu, da rani. Takan kwanta kansu wajen sati uku, ƴaƴan kuma su yi kusan sati bakwai kafin su tashi.

To ina tsofaffin itatuwan Dallol Boso? Farin 1973 da na 1984 sun kashe da yawa, gatari yana bin sauran. Yara kuma suna kwashe ƴaƴan tsirya su sayar.

Wani zai ce ai ɓarauniyar dawa ce. Gaskiya ne, tana taɓa zangarniya. Amma ɓarnarta ba ta kama ƙafar ta jan baki ba, yaro da gwangwani ya isa ya kore ta. Gawon da take kwana ciki, shi ke ba gonarka taki, ya ba bisashenka abinci da rani. In ka sare shi don haushin tsuntsu, kanka ka cuta.

Don haka ku bar tsohon gawo da tsamiya su tsaya. In kuna sassabe, ku bar tohon itatuwa ya girma. Ku hana yara hawan kogo.

Allah ya ba mu damina mai albarka.