Kada A Raina Zanen Kaka

Ran nan na ji wata yarinya tana yi wa kakarta dariya, wai don tsohuwar ta buɗe adudu ta fito da wani baƙin zane na saƙi, za ta ɗaura ta tafi suna. Yarinyar ta ce wannan kayan mutanen da ne, ya kamata a jefar. Ni kuwa ina ganin ta yi kuskure, zan kuma gaya muku dalili.

Ku duba irin aikin da ke cikin zanen nan. Da fari manomi ya noma auduga. Mace ta gurje ta, ta fid da angurya, ta shiɓe ta, sa'an nan ta zauna da mazari tana kaɗi, tana taɓa alli da yatsa don zaren ya yi daidai. Masaƙi ya saƙa, aka kai marina. Can marini ya zuba ruwa da toka da baba cikin rami mai zurfi, ya bar su kwana da kwanaki har su nuna. In ya tsoma zane ya ɗaga, sai ka gan shi kore-kore. Iska ce ke mai da shi shuɗi. Haka zai yi ta tsomawa yana ɗagawa har ya yi baƙi. Daga nan sai mabuga, su buga shi bisa gungume har ya riƙa walƙiya. Zane ɗaya, amma gida biyar ko shida sun ci abinci da shi.

Wannan sana'a ta sa sunan ƙasar Hausa ya tafi nesa. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce an kafa ta tun 1498, tana nan har yau, amma ramuka da yawa sun cike da ƙasa, gama masu saye sun ragu.

Atamfar da yarinyar nan ke yanga da ita kuwa, asalinta baƙuwa ce. Mutanen Holan ne suka kwaikwayi rinin mutanen tsibirin Jawa, suka buga shi da inji, suka kawo Afirka ta Yamma. Ban ce atamfa ba ta da kyau ba. Tana da sauƙin wanki, ba ta da nauyi, ba ta kuwa bar wa mutum shuni a jiki. Zanen saƙi yana da tsada, da zafi kuma ran bazara. Duk wannan gaskiya ne. Amma atamfa takan koɗe cikin 'yan shekaru, saƙi kuwa uwa takan ɗaura, 'ya ta gada, har jika ta goya ɗanta da shi.

Ga kuma ƙanshin da ya tashi sa'ad da aka buɗe adudun. Matan da ba su san turaren fesawa ba. Sukan sami kajiji da kanumfari da itacen sandal su haɗa, su zuba a kan garwashi cikin kasko, su rufa zane a kai har hayaƙin ya kama shi. Matan Barno su ne gwanayen wannan haɗi, daga gare su kuma humra ta yaɗu. Akwai wata 'yar kwalba da ake kira Bintu Sudan, wadda wani kamfanin Ingila ya fara yi a 1920. Turaren mai ne, ba giya a ciki, saboda haka ɗigo biyu sun isa, ƙanshin kuwa ya kwana a zane. Turaren wuta da lalle da kwalli duk sun tsira, amaren yau ma ba sa yin biki sai da su. Saƙi ne kaɗai aka bari a baya.

To, abin da nake so ke nan. Ko da sau ɗaya a shekara, ran Salla ko ran biki, mace ta ɗaura zanen da aka saƙa aka rina a ƙasarta, don marini ya sami abin koya wa ɗansa. Ku kuma, in kun koma gida, ku roƙi kaka ta buɗe muku adudunta. Ku tambaye ta sunan kowane zane, wanne ne barage, wanne ne tsamiya, wanne ne bunu, ku rubuta a littafinku ku kawo wa malam.