Ja ba shi ne zafi ba: raddi ga mai raba wa taurari wuta da ruwa

Wani malamin hisabi ya daɗe yana nanatawa a rediyo cewa masana kimiyyar zamani sun dawo sun gaskata maganar magabata. A cewarsa, taurarin burujan wuta, wato Hamal da Asad da Ƙaus, su suka fi zafi, na burujan ruwa kuwa, Saraɗan da Aƙrab da Hut, masu sanyi ne. Hujjarsa? Wai kowa ya ɗaga kai da dare zai ga jajayen taurari, ja kuma launin wuta ne. Zan yi masa adalci iyakar iyawata. Hukuncin duba da taurari na bar wa malaman fiƙihu. Tunda shi da bakinsa ya kira kimiyya ta ba shi shaida, bari mu saurari shaidar.

Mu fara da jan nan, don a kansa ya ɗora komai. Malam, da ka leƙa maƙera kafin ka shiga ɗakin watsa shiri, da ka hutar da mu. Maƙeri ya sa ƙarfe a gawayi, yaro yana ta zuga. Farko ƙarfen ya yi ja mai duhu, a nan bai ma yi laushin kirki ba. Zuga ta ƙaru ya koma ruwan goro, sannan rawaya, in aka matsa ya yi fari har ido ba ya iya tsayawa a kansa. Ja shi ne matakin farko, mafi ƙarancin zafi cikin abin da ke haske. Wannan ƙa'ida ce Bajamushe Wilhelm Wien ya fitar da lissafinta a 1893: abu yana ƙara zafi, haskensa yana barin ja yana nufar shuɗi. Annie Jump Cannon ta Jami'ar Harbad a Amurka ta tantance hasken taurari sama da 300,000, ta jera su aji-aji, O, B, A, F, G, K, M. Shuɗɗa ne a sama, jajaye a ƙasa can. Cecilia Payne kuma a 1925 ta nuna yadda wannan jeri yake bin zafin fuskar taurarin. Wace kimiyyar ce, ke nan, ta gaskata ka? Ta wace jami'a?

Ga alƙaluma, duk a ma'aunin Kelbin. Fuskar ranarmu tana kusan digiri 5,800. Ɗaya daga cikin jajayen taurarin da suka fi shahara a sama, Ƙalbul Aƙrab, wanda Turawa ke kira Antares, bai wuce kimanin 3,600 ba. Haskensa daga girmansa ne, don faɗinsa ya ninka na rana sau ɗaruruwa. To a nan Malam ya shiga tsaka mai wuya. In ja zafi ne, me tauraron wuta yake yi a tsakiyar burujin ruwa? In kuma ya ce yauwa, ai ga shi an auna an same shi da sanyi, sai mu ce ya gangara zuwa wutsiyar kunamar, wato Aƙrab ɗin: Shaula tana nan, shuɗiya, da digiri kusan 25,000. Buruji ɗaya, bambanci ya kai ninki bakwai.

Mu koma burujan wutar. Tauraron da ya fi haske a Hamal, shugaban burujan wuta, digirinsa kimanin 4,500 ne. Bai ko kai rana ba! Ƙalbul Asad ya ɗan fitar da Malam kunya da wajen 12,000, amma maƙwabcinsa Aljabha, a wuyan zakin, wato Asad ɗin, ya sake faɗowa kusa da 4,500. Simak kuwa, a Sumbula da aka ce burujin turɓaya ne, ya haura 20,000, ya bar tauraron Hamal da Ƙalbul Asad a baya nesa ba kusa ba. Abin har ya daina ba da haushi ya koma ban dariya.

Batu na biyu, Malam yana magana kamar taurarin buruji 'yan gida ɗaya ne. Idonmu ne ya haɗa su. Hasken Ƙalbul Asad yana shekara 79 a hanya kafin ya iso mana, na tauraron wutsiyar zakin shekara 36 kacal. Babu abin da ya haɗa su sai layin da mutane suka ja. Gungu 88 da ake amfani da su yau, Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ce ta amince da jerinsu a 1922, Eugène Delporte ya wallafa iyakokinsu a 1930. Kaza da 'ya'yanta kam 'yan uwa ne na gaskiya, tare aka haife su, manyansu shuɗɗa masu tsananin zafi. Sai dai kash, a Saur suke, wani burujin turɓayar. Abdurrahman Assufi, da Malam ke yawan fakewa da irinsu, ya rubuta matsayin taurari da haskensu da launinsu a littafinsa na 964, ba shi kuwa da na'urar auna zafinsu.

Na uku, wai shigar rana burujin wuta ke kawo zafi a ƙasa. Hamal ya dace da bazara, mun ji. Asad fa? Ƙarshen Yuli zuwa Agusta, tsakiyar marka. Ƙaus kuma Disamba, lokacin da ake jin ɗumi a Kano da Damagaram saboda hunturu.

Na huɗu ba sai na ja ba. Ranar 21 ga Maris da ake cewa rana ta shiga Hamal, a zahiri tana cikin taurarin Hut, saboda juyin sandar duniya mai ɗaukar kusan shekara 26,000.

Malam yana da 'yancin karantar da hisabinsa ga mai so. Amma ya cire sunan kimiyya daga ciki, kuma gidan rediyon ya gayyato malamin fiziya ya gyara wa masu sauraro abin da aka faɗa musu.