Sharhi: Gidajen gwamnati, daga Mosko zuwa kudancin Kano

A watan Fabrairun shekara ta 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashin ginin gidaje 3,112 a Karsana da ke Abuja, a matsayin somin-taɓin wani shiri da aka ce zai game jihohin ƙasar, ciki har da Kano.

Shekara guda bayan haka sai ga gwamnatin Kano tana gargaɗin waɗanda suka mallaki gidaje a rukunonin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo cewa su tare a ciki ko su zuba 'yan haya, in ba haka ba a karɓe. An gina waɗannan rukunoni ne a wa'adin mulki na biyu na Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, amma da dama daga cikin gidajen sun shafe shekaru a kulle.

Ga gidaje babu mutane, ga mutane babu gidaje. Wannan ne ya sa wasu masu ra'ayin gurguzu ke cewa da ma a yi irin ta ƙasashen kwaminisanci, inda hukuma ta gina, ta kuma raba wa talakawa.

Abin da Khrushchev ya yi

Maganar tasu ba ta rasa tushe ba. Tarayyar Sobiyet ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu da biranenta na yamma a rushe. A Mosko da Leningrad iyalai huɗu ko biyar kan haɗu a gida guda, kowane iyali da ɗaki ɗaya, madafi ɗaya, makewayi ɗaya.

A watan Yulin 1957 gwamnatin Nikita Khrushchev ta zartar da ƙudurin kawar da ƙarancin muhalli cikin shekaru goma zuwa goma sha biyu. Dabarar ita ce a mayar da gini aikin masana'anta: a zuba bangaye da daɓen kankare a ma'aikata, a ɗauko su a mota, a harhaɗa su a fili. Hawa biyar ake yi, domin a tsarinsu benen da bai wuce haka ba ba ya bukatar na'urar hawa. Madafin bai fi murabba'in mita biyar zuwa shida ba.

Da wannan dabara ƙasar ta riƙa gina gidaje kimanin miliyan biyu a kowace shekara. Miliyoyin iyalai suka sami ƙofar da za su rufe ta kansu a karo na farko, da ruwan famfo da lantarki da ɗumama ɗaki. Kuɗin haya kuwa an bar shi a kan ma'aunin da aka ƙayyade tun 1928, don haka ɗan abin da yake ci daga albashin ma'aikaci bai taka kara ya karya ba. Duk mai adalci zai yarda cewa wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai dai arahar tana da nata tsadar. Hayar da ba ta kai kuɗin gyara ba takan bar rufi yana yoyo. Gida kuma ba saye ake yi ba, layi ake bi, sau da yawa ta hannun ma'aikatar da mutum ke yi wa aiki, kuma akan shekara goma ana jira. Wanda yake da uwa a gindin murhu a cikin jam'iyya ba ya daɗewa a layin. Mai bakin tsiya kuwa ya san cewa hannun da ya ba shi makulli shi ne ke riƙe da aikinsa da takardar izinin zamansa a birni.

Wa'adin Khrushchev ya cika matsalar ba ta ƙare ba. A 1986 Mikhail Gorbachev ya sake alƙawarta wa kowane iyali gidansa kafin shekara ta 2000, amma ƙasar da kanta ta wargaje a 1991. Girgizar ƙasar Armeniya ta Disambar 1988, wadda ta hallaka mutane kimanin 25,000, ta tona asirin ha'incin da aka yi wajen gina benaye da yawa. A 2017 hukumomin Mosko suka ƙaddamar da shirin rushe tsofaffin benaye fiye da 5,000.

Inda aka kai wa Musulmi bene

Abin da ya fi kusa da mai karatu a ƙasar Hausa shi ne yadda tsarin ya kaya a garuruwan Musulmi. Bayan girgizar ƙasar 1966 an sake gina Tashkent, babban birnin Uzbekistan, da dogayen benaye, a wurin gidajen ƙasa masu tsakar gida. Gidan da aka zana don miji da mata da ɗa ɗaya ko biyu shi aka miƙa wa iyali mai 'ya'ya shida da kakanni.

A Zanzibar ma, bayan juyin juya halin 1964, Abeid Karume ya nemo taimakon Jamus ta Gabas, aka rushe wani sashe na unguwar Ng'ambo aka jera benayen Michenzani. Har a ƙauyuka irin su Makunduchi an gina benaye, a tsakiyar manoma masu girki da itace. Na cikin gari dai har yau cike suke da jama'a saboda suna kusa da kasuwa da wurin aiki.

Wannan batu na kusanci shi ne Najeriya ta yi ta tuntuɓe a kansa.

Gidajen Shagari

Najeriya ba ta taɓa bin kwaminisanci ba, ko da yake Rashawa ne suka gina mata masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta. Amma ta ari salon gidaje masu kama ɗaya. Gwamnatin Shehu Shagari ta 1979 zuwa 1983 ta ƙudurta gina gidaje 40,000 a kowace shekara, wato 2,000 a kowace jiha da Abuja. Zuwa tsakiyar 1983 kimanin 32,000 kawai aka kammala.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, kuma jihohi da dama, har da Kano ta PRP, na hannun 'yan adawa. Taƙaddamar fili ta sa aka kai gidaje da yawa bayan gari, inda babu ruwa babu hanya. Wasu sai da gari ya yi girma ya cim musu, kamar unguwar Shagari Kwatas ta Kano, sannan suka yi daraja.

Bambancin a fili yake. A Sobiyet hukuma ce mai ƙasa, ita ce mai ma'aikatar siminti, ita ce mai ɗaukar aiki, kuma haya take bayarwa. A Najeriya ɗan kwangila ne ke gini da simintin kasuwa, a ƙarshe a sayar wa mai kuɗi, shi kuma ya kulle ya jira farashi ya tashi. An ɗauki munin tsarin, wato zane ɗaya ga kowa, an bar abin da ya sa talaka ya iya shiga.

Me Burumburum za ta samu?

Idan aka bar birni aka nufi kudancin jihar, zuwa Burumburum da sauran garuruwan Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji, tambayar takan sauya kama. Mutanen wannan yanki sun san abin da ake nufi da hukuma ta zaɓa wa mutum mazauni, domin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, ta tashi dubban mutane daga ƙauyukansu da gonakinsu.

Gidan manomi a nan ba wurin kwana kaɗai ba ne. Akwai zaure inda maigida ke karɓar baƙi ba tare da sun ga iyalinsa ba. Akwai ɗakin kowace mace, da rumbun masara da dawa, da turken awaki, da filin shanya shinkafa. Gidan kuma girma yake yi: ɗa ya yi aure, a yanka masa sashe. Bene mai ɗaki biyu da falo ba ya karɓar ƙari, kuma ba a hawa da akuya hawa na huɗu.

Matsalar ba rashin gida ba ce, rashin ƙwarinsa ne. Kowace damina katangun ƙasa na zubewa, buhun siminti kuma ya haura Naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 ya dogara ne a kan cire kashi 2.5 cikin 100 daga albashi, alhali manomin Doguwa ba shi da albashi, gidan gadonsa ma galibi ba shi da takardar da banki zai karɓa.

Dokar 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara. Yanka filaye masu faɗi da magudanan ruwa, da sauƙaƙa wannan takarda, da rangwamen siminti na harsashi da kwanon rufi, duk ayyuka ne da kuɗin rukuni ɗaya na birni zai iya yi wa ƙauyuka masu yawa. Illa dai babu ƙyallen da gwamna zai yanka a gaban 'yan jarida idan an gama su.