Wanda ya ɗaga hannu a kan kansa

Na san wasunku za su ce yau kuma Malam ya zo da wasan da ba mu san kansa ba. Ku yi haƙuri ku karanta, ba sai mutum ya iya kurket zai gane zancen ba. Ni ma a makarantar kwana na fara ganinsa, kuma har yau wasu dokokinsa sai na tambaya.

Abin da ya taso da maganar, wani abokin aiki ne muke musu da shi a ofis kan ko akwai amfanin yin gaskiya idan gaskiyar za ta kayar da kai. Shi ya ce a duniyar yanzu wanda ya yarda an cuce shi ya yi shiru sakarai ne. Sai na tuna wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta kurket da aka yi a filin Lord's da ke Landan ranar 14 ga Yulin 2019, tsakanin Ingila da New Zealand. A lokacin babu wadda ta taɓa ɗaukar kofin a cikinsu.

A taƙaice, a kurket ɓangare ɗaya na jifa, ɗayan na bugun ƙwallo da sanda yana tara maki. Idan ƙwallo ta gangara ta taɓa igiyar da ta zagaye fili, maki 4 ne. Idan ta tsallake ta sama, maki 6. Idan kuwa aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, mai bugu ya fita.

New Zealand ta tara 241. Ingila na bi, saura kaɗan a tashi, ɗan wasanta Ben Stokes ne kaɗai ya rage mata abin dogaro. Ya ɗaga ƙwallo sama, Trent Boult ya cafe a bakin igiya. Da ta tabbata, da wuya Ingila ta kai labari. Amma ƙafar Boult ta taka igiyar. Abokin wasansa Martin Guptill yana kusa, ya ga abin da idonsa, nan take ya ɗaga hannaye biyu yana nuna wa alƙali cewa maki 6 ne na abokan hamayya. A wasan ƙarshe na kofin duniya fa!

Bayan ƴan mintoci, shi dai Guptill ɗin ya jefo ƙwallo daga nesa, ta bugi sandar Stokes yana cikin gudu ba da niyya ba, ta gangara ta taɓa igiya. Aka ba Ingila maki 6. Stokes ya durƙusa ya ɗaga hannu yana ba da haƙuri. Daga baya wani tsohon alƙali, Simon Taufel, ya ce bisa doka 5 ya kamata a bayar, kuma alƙalin da ya yanke hukuncin, Kumar Dharmasena, ya amsa cewa an yi kuskure.

Aka tashi 241 da 241. Aka ƙara jifa shida-shida don raba gardama, nan ma aka yi 15 da 15. A jifan ƙarshe, Guptill ne aka fitar yana dab da cika makin da zai ba ƙasarsa kofi. To wa ya ci? Sai aka buɗe doka, ta ce wanda ya fi yawan kai ƙwallo igiya. Ingila 26, New Zealand 17. Shi ke nan, kofi ya tafi.

Wallahi ranar na ji haushi kamar ƙasata ce. Amma kyaftin ɗin New Zealand, Kane Williamson, ya yi musabaha da kowa, ya taya Ingila murna, bai zagi alƙali ba, bai ce an yi musu fashi ba. Kyaftin ɗin Ingila ma, Eoin Morgan, bai cika baki ba, ya ma faɗi cewa ɗan wasansu Adil Rashid ya gaya masa Allah na tare da su.

Ra'ayina shi ne dokar nan ba ta da kyau, amma Williamson ya yi daidai da ya karɓe ta. Da ita aka shiga gasar, kowa ya sani. Ba a canza doka bayan an ga wanda za ta kayar. Kuma shirunsa bai tafi a banza ba, domin a watan Oktoban shekarar hukumar kurket ta duniya ta soke dokar, ta ce a riƙa maimaita ƙarin jifan har sai an samu gwani.

Na san za a ce to ai gyaran bai dawo musu da kofi ba. Gaskiya ne, kuma da ciwo. Na ɗanɗana irinsa. Shekarun baya mun yi kunnen doki da wani a jarrabawar ƙarin girma, gurbi kuma ɗaya ne. Aka duba ranar kama aiki, ya riga ni da ƴan makonni. Aka ba ni shawarar in nemi wanda zai taɓa min fayil. Na kwana biyu ina juya maganar, ba zan ɓoye muku ba. Ban yi ba, na jira zagaye na gaba. Har yau muna cin abinci kwano ɗaya da mutumin, kuma ba na sunkuyar da kai idan an buɗe fayil ɗina.

Mu kuma a nan, wasan unguwa ma sai alƙali ya tsere ta bayan gari. Yara suna kallonmu, abin da babba ya yi shi ne karatunsu. Kuma kurket ɗin ba ya nesa da mu kamar da. A Janairun 2025 ƴan matan Najeriya ƴan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand da maki 2 kacal a gasar duniya a Malesiya. Idan za mu koya musu cin wasa, mu haɗa musu da yadda ake faɗuwa.

Ga tambayata, kuma don Allah a amsa tsakani da Allah: da kai ne a gefen Boult ranar nan, za ka ɗaga hannu?