A Yi wa Tukunyar Matafiyi Rumfa a Mando

Mando ita ce ƙofar Kaduna ta fuskar arewa maso yamma, domin daga shataletalenta ne hanya take miƙewa zuwa Buruku da Birnin Gwari, ta ratsa Tegina da Mokwa, ta haye kogin Kwara a Jebba, har ta dangana da Ilori da Ikko. A nan ne kuma sansanin alhazai yake, kuma ta nan ake bi zuwa filin jirgin sama da makarantar horar da hafsoshin soja da ke Afaka. Wurin da Allah ya yi wa irin wannan matsayi ba ya rabuwa da baƙi, kuma a cikin baƙin nan akwai wata jama'a da ba a cika waiwayarta ba sai ranar da ta tare hanya, wato direbobin manyan motoci da yaransu, waɗanda kan yada zango a gefen titi suna jiran lodi, ko gyara, ko wayewar gari, su ɗaura tamfol a jikin mota, su ɗora tukunya a ƙarƙashinsa. Duk sa'ad da aka tashi maganarsu, kora ake fara ambata. Ni kuwa ra'ayina shi ne mutanen nan suna da haƙƙi a kanmu wanda ba mu sauke ba, kuma barinsu cikin halin da suke ciki haɗari ne gare su da mu baki ɗaya.

Wanda ya tsaya ya duba yadda yaron mota yake haɗa madafinsa zai ga hikimar da larura take koya wa ɗan Adam. Da zarar an sa wa taya waigi, sai ya jawo tsohon tamfol, ya ɗaure bakinsa biyu a ƙarfen bodi, sauran biyun ya kafa musu sanduna ko ya danne igiyarsu da dutse, inuwa ta samu. Sai ya buɗe akwatin da ke maƙale a gefen mota ya fito da risho ko kurfoti, ko kuwa ƙaramar tukunyar gas wadda ta yawaita a 'yan shekarun nan, da tukunya guda wadda hayaƙi ya riga ya rine, da ƙullin shinkafa da wake, da kwalbar manja, da albasa, da yaji. Ruwa yana cikin jarka, da shi za a yi girki, da shi za a yi alwala. Kafin ogansa ya dawo daga wajen makanike dafa-duka ta nuna, an juye ta a faranti ɗaya, an shimfiɗa tabarma, kuma duk wanda ya gifta, ko da ba a san sunansa ba, sai an ce masa bismilla.

Ba rowa ce take sa su yin haka ba. Kuɗin hanya da mai mota yake bayarwa ƙayyadadde ne, tafiyar da aka yi wa lissafin kwana uku kuwa takan koma mako idan injin ya ba da matsala ko aka makara wajen sauke kaya, alhali tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 babu abincin da ya tsaya a farashinsa. Ga kuma amanar dukiyar mutane da ke cikin motar, wadda ba ta barin direba ya yi nisa da ita. Ga tsoron cin abin da zai ɓata masa ciki a tsakiyar daji. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi hanyar Birnin Gwari, har ya zama sai da rakiyar jami'an tsaro ake bin ta, wanda magariba ta riska a Mando ba shi da wani zaɓi face ya kwana.

Wannan al'ada kuwa tsohuwa ce a ƙasar Hausa, ta girmi mota da ƙarnoni. Fataken da suke tashi daga Kano su nufi Gwanja, su sayo goro a kasuwar Salaga, watanni suke yi a hanya da jakuna da takarkarai, kuma ayarinsu yana da tsari: madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana nuna hanya, kowa ya san matsayinsa. Idan an isa masauki, akwai zango a bayan gari wanda aka keɓe domin baƙi, da sarkin zango mai kula da shi, an san inda ake ɗaure dabbobi, an san inda ake jibge kaya, an san inda mata suke hura wuta su yi tuwo. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sannan mota ta biyo baya, sai fatauci ya sauya abin hawa, amma buƙatar matafiyi ta ci da sha da inuwa tana nan yadda take. Abin da ya ɓace shi ne zangon. Mun gaji fatauci daga iyaye, mun yi watsi da masaukinsa, shi ya sa jikan madugu yake girki a gindin tankin mai.

A nan ne damuwata take, kuma wajibi ne a faɗi gaskiya ko da za ta yi wa direbobi ɗaci. Tururin man fetur ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama, ƙasa yake bi yana malala kamar ruwa, ya taru a kwari da ƙarƙashin mota, wato daidai inuwar da ake ɗora risho a cikinta; kuma tankar da aka riga aka juye manta ba ta kuɓuta daga wannan ba, domin cikinta cike yake da tururin. Tamfol na roba idan harshen wuta ya taɓa shi narkewa yake yi yana ɗiga a jikin mutum. Da hunturu kuma, sa'ad da sanyi ya matsa, wasu kan sauke gefunan tamfol su rufe ko'ina, ko su shiga da kurfoti cikin kan mota su ja ƙofa, alhali gawayi mai ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Al'ummar da ta ga abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa cikin Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu a gobarar tankar mai, ta kuma ga na mahaɗar Dikko a jihar Neja cikin Janairun 2025, ba ta da uzurin jahiltar abin da ɗan tartsatsi yake iya yi. Waɗancan musibu ba girki ne ya jawo su ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, amma man da ya ci su shi ne wanda yake kwana a gefen titunanmu, kusa da shaguna da gidajen jama'a.

Malamanmu sun karantar da mu cewa matafiyin da guzuri ya yanke masa, wato ibnus sabil, yana cikin jinsuna takwas da ake bai wa zakka, kuma shari'a ta yi wa matafiyi rangwame har a cikin ibada, ta ba shi damar ƙasaru da ajiye azumi. Addinin da ya tausaya masa a sallarsa ba zai yarda a bar shi babu wurin dafa abincinsa ba. Tarihi ya adana sunan Zubaida, matar halifa Haruna Rashid, saboda rijiyoyi da tafkuna da masaukai da ta sa aka gina a hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, hanyar da har yau da sunanta ake kiranta. Attajiranmu, Allah ya saka musu, suna rige-rigen gina masallatai, har a wasu unguwanni ana jin kiran salla uku a lokaci guda. Da ɗayansu zai waiwayi wannan fanni ya yi waƙafi, da ya sami sadaka mai gudana wadda masu neman ladanta ba su da yawa.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin Kaduna ba. Fili ne a keɓe a wajen Mando inda manyan motoci za su riƙa tsayawa, a ware ɓangaren tankokin mai daban, sannan a can nesa da su a gina doguwar rumfa ta kwano mai tsayi, buɗaɗɗiya ta kowace fuska domin iska ta ratsa, da murahu na siminti a jere, da famfo, da makewayi, da bokitan yashi da abin kashe gobara. Idan wannan ya samu, sai a kafa doka mai tsanani cewa ba a kunna wuta a jikin mota, kuma a damƙa tsaronta a hannun ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci, irin su NURTW da NARTO da reshen direbobin tanka na NUPENG, domin direba ya fi jin maganar shugaban tasharsa a kan ta kowa, su kuwa ƙungiyoyin suna karɓar kuɗi daga mambobinsu, ya kamata mambobin su ga amfaninsa da idonsu. Hani kafin a tanadi madadi zalunci ne, kuma ba ya ɗorewa, domin mai jin yunwa zai matsa gaba kaɗan ne kawai ya sake hura wutarsa inda ba mai ganinsa.

Wataƙila mata masu sayar da abinci a bakin tasha su ji tsoron rumfar za ta rage musu ciniki. Ina ganin akasin haka ne zai faru, muddin aka ba su gurbi a cikinta: mai gaggawa zai saya a wurinsu kamar yadda ya saba, mai dogon zama zai sayi itace da gawayi da kayan miya, su ma kuma su huta da zama cikin ƙura da hayaƙin salansa. Majalisar dokokin jiha da ƙaramar hukuma da masu unguwannin Mando su ne ya kamata su fara zama da shugabannin direbobi a kan wannan batu, kuma gara a yi zaman kafin hunturu mai zuwa ya shigo.