Ɗan Manomi da Ƙungiyar Ɗalibai

Jama'a, akwai wata nasiha da iyaye na ƙasar Dambatta da Bichi da Makoɗa da Kunci suka saba yi wa ɗansu ran da zai tafi Jami'ar Bayero. Sukan ce ya kama karatunsa, babu ruwansa da ƙungiyar ɗalibai. Mu dai a ganinmu ya kamata a sake duban wannan magana.

Lalle tsoron nasu yana da tushe. A 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, an ƙara sule biyar a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini guda. Ɗalibai suka tashi ƙasa duka suna neman a tuɓe Kanar Ahmadu Ali, mai riƙe da ma'aikatar ilmi. Aka yi harbi a Ikko da Samaru ta Zariya, aka rasa rayuka, aka kuma soke ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. A watan Mayu na 1986 jini ya sake zuba a Jami'ar Ahmadu Bello. Wanda ya ga wannan, in ya ja kunnen ɗansa ba a ga laifinsa ba.

To, amma a dubi abin da ya tayar da rigimar farko: sule biyar. A kan wa ta fi nauyi? Ai a kan mai 'yar gona ne, wanda gādo ya rarraba ta har ta koma kamar tabarma, wanda sai ya zuba taki kowace shekara kafin ta ba shi gero da wake. Shi ne mai kai buhu Dawanau, ko ya ja akuya kasuwa, don a biya kuɗin rajista. A 2023 da jami'ar ta ƙara kuɗi, sai da gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 domin ɗalibai 7,000. Irin wannan rana, bakin da hukumar jami'a ta sani shi ne na shugaban ɗalibai da majalisar wakilansu. Su ake kira a zauna, su ke faɗin ko a yi sassauci, ko a ƙara wa'adin biya, ko a gyara ruwa da wuta a ɗakunan kwana.

In 'ya'yan ƙauye suka janye jiki, sai kujerun su faɗa hannun masu kuɗin buga hotuna, da waɗanda 'yan siyasar gari suka ɗaure wa gindi. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba, ina zai san zafin ƙarin? Alhali kuwa kuɗin ƙungiya kowa na biya, har da wanda aka hana shi zuwa wurin zaɓe.

Saboda haka muna roƙon iyaye, ku hana yaro jifa da ƙone-ƙone, wannan daidai ne. Amma ku bar shi ya jefa ƙuri'a, ya halarci taro, ya tambayi ma'aji inda kuɗi suka shiga. In kuwa yana da gaskiya da iya magana, 'yan'uwansa suka ce ya tsaya musu, ku sa masa albarka ya tsaya.

Wassalam.