Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaba Mahama: A Kawo Gasar Zango

Mai Girma Shugaban Ƙasa, John Dramani Mahama,

Ranka ya daɗe, buƙatata ɗaya ce: a ware wani kaso daga Asusun Raya Zango, wanda Doka ta 964 ta kafa a 2017, a riƙa shirya gasa kowace shekara domin matasa marubuta da matasa masu raya itatuwa, a fara da Salaga da Yendi da Bawku. Kai ɗan Bole ne, kana jin Hausa, ka kuma taɓa wallafa littafi kan ƙuruciyarka a 2012, saboda haka ba sai an yi maka dogon bayani kan wahalar marubuci ba.

Ba a rasa tallafi a duniya ba. Kullum ana shelar gasar ƙirƙirarrun labarai da kuɗin tallafi ga masu kare muhalli, har ma ɗan Ghana, Chibeze Ezekiel, ya ci kyautar Goldman a 2020 saboda fafutukar da ta hana gina tashar lantarki mai ƙona kwal. Matsalar tana bakin ƙofa. Fom ɗin da Turanci yake, a intanet ake cika shi, sai an haɗa da takardar rajistar ƙungiya, da asusun banki, da kasafin kuɗi mai shafuka. Yarinyar da ta cika littafin rubutu uku da labari a zangon Yendi, ko saurayin da ya kewaye dashensa da ƙaya don kada akuya ta cinye, ba su ma ji an yi shelar ba, balle su nema. Kuɗin sai ya tsaya a Accra da Tamale, a hannun waɗanda suka ƙware wajen cika fom, alhali cika fom daban ne, iya aiki daban.

Tarihi ya nuna abin da ƙaramar gasa ke haifarwa idan ta zo da harshen mutane. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta nemi malamai su rubuta labarai da Hausa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma har gobe ana karanta su a makarantu. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya soma gasar Hikayata ta mata zalla, sai ga marubuta suna fitowa daga gidajen da ba a taɓa zaton akwai alƙalami a cikinsu ba. Salaga kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A zamanin da fatake ke zuwa Gonja sayen goro, nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci kan talauci da wadata, da zuwan Nasara, da annobar mura ta 1918. Rubuce-rubucensa suna ajiye a Jami'ar Ghana da ke Legon, masana daga Turai suna zuwa nazarinsu, amma jikokin almajiransa ba su da inda za su kai nasu rubutun.

Me ya haɗa marubuci da mai dashe a asusu ɗaya? Abin da ɗaya ke gani shi ɗayan ke rubutawa. Buhunan gawayi da aka jera a gefen hanya, da yawa daga cikinsu kaɗanya ce, itaciyar da mata ke sammakon tsintar 'ya'yanta da damina su sayar su biya kuɗin makaranta. Madobiya an sare ta an loda zuwa Sin duk da haramcin da aka sha sanarwa. A ƙasar Bawku, duk shekarar da aka buɗe madatsar ruwan Bagre a Burkina Faso, gonakin bakin kogi sai su nutse. Labaran nan ana ba da su a majalisa da bakin kasuwa, kuma idan ba a rubuta su da harshen da manomi ke ji ba, rahoto ne kawai na taron otal.

Na san abin da za a ce. Za a ce Zango magudanar ruwa yake buƙata da ajujuwa, ba kyautar marubuta ba. Gaskiya ne yana buƙatarsu, amma dokar asusun da kanta ta ambaci al'adu da fasaha, kuma kuɗin filin ƙwallo guda mai ciyawar roba, irin waɗanda asusun ya gina, zai riƙe wannan gasa shekaru. Za a ce Hausa ba harshen ƙasar Dagomba ba ce, ba ta Gonja ko Kusasi ko Mamprusi ba. To, a karɓi rubutu da Dagbani da Gonja da Kusaal da Mampruli ma, ba wanda ya ce a rufe musu ƙofa. Sai dai a lura Ofishin Harsunan Ghana yana buga littattafai da Dagbani da Gonja, Hausa kuwa ba ta cikin jerinsa, duk da cewa gidan rediyon ƙasa yana labarai da ita. A Bawku ma, inda rikicin sarauta ya raba unguwanni, da Hausa ake ciniki tsakanin mutanen da ba sa shiga gidan juna. Kuma a karɓi ajami tare da boko, domin ɗaliban makarantun allo ma marubuta ne.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne za a cinye kuɗin. Wannan tsoro yana da dalili, ranka ya daɗe, domin Arewacin Ghana bai manta da aikin dashen itatuwa na hukumar SADA ba, inda aka kashe miliyoyin sidi, itatuwa da yawa suka mutu. Tun 2021 kuma ake raba miliyoyin dashe a watan Yuni, a ɗauki hoto, a watse. Maganinsa shi ne a daina biyan ranar dashe, a biya ranar ƙirga: a jira hunturu da bazara su wuce, a je da sarkin zango da shugabar mata da ma'aikacin gandun daji, a ƙirga itacen da ya rayu, sannan a biya ta waya. A lissafa har da kututturen da aka tsare ya sake tofo, dabarar da manoman Maradi suka farfaɗo da gonakinsu da ita tun shekarun 1980, wadda kuma ta karɓu a Talensi, kusa da Bawku. A ɓangaren rubutu, alƙalai su karanta ba tare da ganin suna ba, kyautar kuma ta haɗa da buga littafin da karanta shi a rediyo. Da wuya katin jam'iyya ya yi aiki a irin wannan tsari.

Ina roƙon a sa wannan a kasafin kuɗi mai zuwa, a yi shelarsa a masallatan Juma'a da coci-coci da gidajen rediyon garuruwan uku, a kuma yi bikin farko a Salaga. Allah ya taya ka riƙo.

Wassalam.